Paris Ta Sha Kaye, Amma Ita Ake Wa Kirari

To, mujallar Nature ta buga sakamakon wani gwaji da ya kara ra'ayoyi biyu kan hayyacin ɗan Adam a watan Afrilun 2025, malaman Paris kuwa suka karkaɗe riga wai bai taɓa su ba. Mutum 256 aka gwada, kuma tun kafin a fara kowane ɓangare ya rubuta abin da za a gani. Ɓangaren Paris, na Stanislas Dehaene, ya ce gaban ƙwaƙwalwa, ta wajen goshi, zai zabura sau biyu: in hoto ya bayyana, da in ya ɓace. Hoto ya ɓace, goshi ya yi tsit. Sai aka ce ai mutanen ne ba su kula da ɓacewar ba. Haka ɗan dambe ke cewa in ya sha ƙasa: fili ne da santsi.

Tun 1998 Dehaene da Jean-Pierre Changeux ke karanta mana cewa hayyaci saƙo ne kawai da aka yaɗa wa sassan ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Suka kwaikwayi abin a kwamfuta, kwamfuta ta mayar musu da abin da suka ɗura mata, aka yi tafi. Yawancin gwaje-gwajensu kuwa mutum ne zai danna maɓalli ya ce ya gani. An auna bayar da labari. Ganin kansa fa?

Za a ce ɗaya ɓangaren, ra'ayin Giulio Tononi, shi ma ya yi tuntuɓe a gwajin na Nature. Ya yi mana, sai me? Za a ce likitocin asibitin Pitié-Salpêtrière na Paris na amfani da wannan ilimi kan masu dogon suma. Allah ya ba su lada, ba da su muke ba.

Tsohon ciwo ne, duk wanda Faransa ta mulka ya san shi: abin da ba a yi a Paris ba, kamar ba a yi shi ba ne. A Lyon, a 1959, Michel Jouvet ya gano a jikin kyanwoyi barcin da ƙwaƙwalwa ke aiki kamar a farke, jiki kuwa a sake. Nan mafarki ya fi ƙarfi, nan kuma aikin wani babban yanki na goshin nan nasu yake raguwa, amma mai mafarki yana gani, yana tsorata. Jouvet ya rasu a 2017 babu kyautar Nobel. Ƙaton maganaɗisun ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, Iseult, mai ƙarfin tesla 11.7 kuwa a Saclay aka girka shi, bakin ƙofar Paris. Dama ina za a kai shi?

Su fara yi mana bayanin mafarki tukuna, sannan su nemi kirari.