RUWA BAI SAN IYAKAR MERI BA: WA ZAI YASHE MANA MAGUDANA?



Kafin ka naɗe wannan takarda ka sa a aljihu, ɗan leƙa rigol ɗin da ke ƙofar gidanka ko gaban shagonka. Me ka gani? Jar ƙasa, leda, gorar roba, ruwa baƙi ƙirin wanda ya kwana bai motsa ba. To ka tambayi kanka: yaushe rabon ka ga an yashe shi tun daga sama har ƙasa, an kuma kwashe abin da aka fitar? In ka tuna ranar, ka riƙe ta. In ba ka tuna ba, wannan magana da kai muke yin ta.

Kai da ka zauna a Yawunde ba sai an ba ka labarin ruwa ba. Damina biyu muke yi a shekara: ta Maris zuwa Yuni, da babbar, ta Satumba zuwa Nuwamba. Gari ne na tuddai, kuma duk abin da ya sauka a kan tudu, kwari yake nema. Mu ne a kwarin. Hadari na haɗowa, mai tela a Brik ya fara ɗaga yadi sama, mai kayan miya a kasuwar Elig-Edzoa ta fara neman inda za ta ɗora buhu, uwa ta fara ƙirga yaranta. Awa ɗaya ta ruwa mai ƙarfi ta isa ta cinye ribar wata guda. Bayan ruwan ya janye kuma sai a shiga kashi na biyu: rijiya ta gauraya da masai, sauro ya samu gida, yaro ya kwanta da zazzaɓi ko gudawa, kuɗin cefane ya koma kuɗin magani. Ba mu manta da kwalarar da ta shigo garin nan a 2023 ba.

Za su ce maka ikon Allah ne. Ruwan sama ikon Allah ne, babu mai ja. Amma toshewar magudana aikin mutum ne, kuma akwai mutanen da ake biya albashi don kada ta toshe.

INA RUWANKA YAKE ZUWA?

Bi ruwan da ƙafa ka gani. Daga rufin gidanka ya faɗa ƙaramin rigol na lungu. Daga nan ya shiga kanibo na bakin titi. Daga kanibo ya gangara rafi. A Briketeri rafuka biyu ne suka sa unguwar a tsakiya, Abiergué da Ekozoa, su haɗu wajen Warda, su nufi tsakiyar gari. Ruwan Elig-Edzoa shi ma gangarawa yake yi kwarin da layin dogo ke bi. Ƙarshenta duka a Mfoundi suke tarewa, shi kuma ya ɗauke su ya yi kudu, ta wajen Mvog-Mbi da Nsam, har ya fita gari.

Hanya ɗaya ce ke nan, daga ƙofar gidanka har bayan gari. In ta toshe a wuri guda, ruwan baya yake komawa, ya cika, ya tsallake baki, ya shiga ɗakin wanda ya fi kusa. Kwalbati ɗaya da gorar roba ta cushe a ƙarƙashin gada ya isa ya mayar da layi guda tafki, ko da an share duk abin da ke sama da shi.

Yanzu dubi yadda aka raba wannan hanya ɗaya a takarda. Yawunde meri bakwai gare ta. Elig-Edzoa tana ƙarƙashin Yawunde ta 1. Briketeri tana ƙarƙashin Yawunde ta 2. A kansu duka akwai Kominote, wato babbar merin gari. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ba Kominote manyan ayyukan magudanar ruwan sama da na ƙazanta. Ta bar wa ƙananan meri sharar tituna da lunguna da yaƙi da ƙazanta a cikin unguwa. Kamfanin Hysacam kuma yana kwasar shara bisa kwangila. Ga kuma ma'aikatar kula da birane ta gwamnatin tsakiya.

A takarda abin ya yi kyau. A ƙasa fa? Ledar da aka kasa kwashewa a lungu, wadda ke wuyan ƙaramar meri, ita ce gobe take toshe babbar magudana, wadda ke wuyan Kominote. In babbar ta toshe, ruwan ya koma ya fasa ƙaramar. Sai kowa ya samu wanda zai nuna da yatsa. Wannan ya ce babban kanal ba nawa ba ne. Wancan ya ce sharar daga unguwarku ta fito. Mai kwasar shara ya ce ba a biya shi ba. Na ƙasa ya ce laifin na tudu ne, na tudu ya ce ruwa ya riga ya bar yankinsa. Kai kuma kana tsaye da bokiti kana kwalfe ɗaki.

AN GINA, AMMA WA KE KULA?

Mu 'yan adawa ne, amma ba za mu yi maka ƙarya ba: an yi aiki a kan Mfoundi. Shirin tsaftace Yawunde da ake kira PADY, da kuɗin Bankin Raya Afirka, ya gina kanal na kankare mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai daga wajen Poste Centrale zuwa ƙasa. Bankin da kansa ya ce ambaliyar tsakiyar gari ta ragu daga sau 15 a shekara zuwa sau 3. A 2013 aka amince da kashi na biyu, kimanin kilomita 14 a kan Mfoundi da wasu rassansa, Faransa ma ta sa hannu ta hukumarta ta AFD. A 2021 aka sake amincewa da wani ƙarin shiri, domin har lokacin Avenue Kennedy ba ta daina cika da ruwa ba. Biliyoyin sefa ne suka shiga wannan kwari, kuma akwai bashi a ciki, wanda kai da 'ya'yanka za ku biya.

To ga tambayarmu. Mai ba da bashi yana gina kanal ne ya tafi. Ba ya dawowa da shebur duk watan Agusta. Kanal kuwa kamar rijiya ne, in ba a yasarta, cikewa take yi. Kowace damina tana kawo masa jar ƙasa daga hanyoyin tudu marasa kwalta, da yashi, da tarkacen gini, da gorar roba dubbai. Je ka tsaya a kan kowace gada bayan ruwa ka duba da idonka, ba sai ka yarda da mu ba. Kanal da aka auna don ya ɗauki ruwa cikinsa ɗaya, in rabinsa ƙasa ce, rabin aiki zai yi.

Ranar buɗe aiki kowa na wurin, da babbar riga da almakashi da 'yan jarida. Ranar yasa babu mai ɗaukar hoto, shi ya sa babu mai zuwa.

Akwai ma abin da ya fi ban haushi, kuma ka sha ganin sa. A tara matasa ranar tsafta, su shiga kwata da hannu, su fito da laka da leda su tara a bakin titi. A yi tafi, a watse. Tulin ya kwana uku, ya yi mako, babu motar da ta zo. Ruwan farko da ya sauka ya mayar da shi inda aka ciro shi. An yi ba a yi ba, wai an rufe ƙofa da ɓarawo. Ƙarfin yaranmu ne ya tafi a banza, saboda mai fitarwa daban, mai kwashewa daban, kuma babu wanda ya haɗa su a rana ɗaya.

"LAIFINKU NE, KU KE ZUBA SHARA"

Wannan ita ce amsar da suka fi so. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai jiran ruwa ya kece ya juye bokitin shara a rigol. Akwai mai buɗe masai cikin rafi da daddare. Akwai wanda ya ɗora shago a kan kanibo ya rufe shi da siminti. Wannan cutar maƙwabci ce, kuma addininmu bai yarda da ita ba. Mu daina.

Amma matar da ke can cikin lungu inda mota ba ta shiga, wadda bak ɗin shara mafi kusa da ita ya cika ya tumbatsa tun shekaranjiya, ina kake so ta kai? An hana ledar nan marar kauri a ƙasar nan tun Afrilun 2014. Wa ya bari ta ci gaba da cika kasuwa? Tun 2019 ake karɓar haraji na musamman a kan kayan da ake shigowa da su domin kwasar shara, kuma kai ne kake biyan sa a cikin farashin duk abin da ka saya. Ɗan kasuwa yana biyan tikiti kullum, mai shago yana biyan haraji, mai moto yana biya. Ba a taɓa mantawa da ranar karɓa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sannan mun san inda zancen "laifinku ne" yake ƙarewa: a bakin buldoza. Mutanen Ntaba sun gani a 2008. Talaka bai zaɓi kwari don yana son ruwa ba, nan ne kuɗinsa ya kai. Hukumar da ta bar shi ya gina, ta karɓi harajinsa shekara da shekaru, ba ta da bakin da za ta tashe shi da safe ɗaya ba tare da ta nuna masa inda zai koma ba. Kuma a daren 8 ga Oktoban 2023, a Mbankolo, cikin Yawunde ta 2 ɗin nan tamu, bangon wani tsohon tafki ya fashe bayan ruwa mai ƙarfi, kusan mutum 30 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Washegari manya suka cika wurin. Da wani ya je duba bangon tun kafin damina fa?

BABU UZURI

Da a ce meri bakwai ɗin nan jam'iyyu bakwai ne ke riƙe da su, da sai mu ce rigimar siyasa ce ta hana su zama tebur ɗaya. Amma tun zaɓen 9 ga Fabrairun 2020, RDPC ce ke riƙe da duka bakwai, ita ke riƙe da Kominote, ita ke riƙe da gwamnati. Wa'adin kansiloli ya kamata ya ƙare a 2025, aka ƙara musu. Gida ɗaya, uba ɗaya, lokaci har da gyara. In 'yan ɗaki ɗaya sun kasa shirya wa zai yashe wace magudana, wa za su ɗora wa?

Za su ce babu kuɗi. Dokar 2019 ɗin nan ta ce kason da gwamnati za ta ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta. In ba ya isowa, wane kansila ne ka taɓa ji ya miƙe ya nema da babbar murya? Wanda ke jiran a sake sa sunansa a jerin 'yan takara ba ya ɗaga wa mai rubuta jerin murya.

ABIN DA KANSILOLINMU ZA SU KAI GABAN MAJALISA

Ba za mu ce maka in ka zaɓe mu ruwa ba zai sake shiga gida ba. Wanda ya faɗa maka haka, ƙuri'arka kawai yake so. Abin da muke ɗauka a wuyanmu ƙarami ne a baki, amma shi ne ya ɓace.

Muna son yarjejeniya rubutacciya tsakanin Kominote da meri bakwai, da taswira, wadda ta bi kowane rafi da kowane kanal gaɓa-gaɓa ta ce: daga gada kaza zuwa gada kaza, wane ne mai yasa, wane ne mai kwashewa, da wane kuɗi. Doka ta ba ƙananan hukumomi damar haɗa kai su yi aiki ɗaya, babu abin da ya hana sai rashin so. A kafa allo a kan kowace gada da sunan hukumar da ke da alhakin wurin, domin ranar da ya toshe ka san ƙofar da za ka buga.

A yi yasa sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da cikin Agusta, kafin ruwa, tare a rana ɗaya daga tudu har kwari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka fitar, mota ta kwashe shi a ranar. Matasan unguwa da ke shiga kwata kyauta a ɗauke su aiki ta hannun kwamitin unguwa, a ba su takalmi da safar hannu da amalanke, a biya su. Su ne kuma za su riƙa fito da shara daga lungun da mota ba ta shiga. Kuɗin wannan aiki ya zama da layinsa daban a kasafin kowace meri, a karanta shi a bainar jama'a. Zaman majalisar meri a buɗe yake, kuma doka ta ba kowane mazauni damar neman kwafin kasafi. Da yawa ba su sani ba, don ba a so su sani. Kansilanmu zai kawo maka shi har ƙofar masallaci, ya fassara maka da Hausa.

Ka san kuma nauyin ƙuri'arka. Kai kake zaɓen kansiloli, su suke zaɓen magajin garin meri, kuma su ne suke haɗuwa su zaɓi babban magajin garin Yawunde. Jerin da ya samu fiye da rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujeru duka. In bai kai rabi ba, dole a raba da sauran. Ke nan duk wanda ya zauna a gida ranar zaɓe, ya taimaka an sake rufe majalisa babu mai tambaya ko ɗaya a ciki.

In ka kai shekara 20, ka tabbata sunanka na cikin rajistar ELECAM, ka karɓi katinka. Hajiya, ki tambayi yaran gida ko sun karɓi nasu. Duk ɗan takarar da ya zo da shinkafa ko turmin zane, ku kama hannunsa ku kai shi bakin rigol, ku tambaye shi: wannan na wa ne, kuma wace rana za a yashe shi? Har da namu 'yan takarar, ku yi musu wannan tambaya.

In ka gama karantawa, miƙa wa maƙwabcinka.