Mai Bes Ba Wanda Jita Ta Kayar Ba Ne

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin masu sha'awar kiɗan zamani, kuma ta iso har ɗakunan kiɗanmu na Kano da Jos da Yamai. Wai babu wanda yake ɗaukar jitar bes don yana son ta. Wai wanda jita mai tsirkiya shida ta gagara shi ne yake gangarowa kan mai huɗu, ya raɓe a bayan dandali kusa da mai ganguna, yana ɗan taɓa tsirkiya ɗaya har taro ya watse. Ana faɗin haka ana dariya, yara masu koyo suna ji suna haddacewa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ɓarnarta ba kaɗan ba ce, domin tana korar yara masu kunne daga kayan kiɗan da ya fi kowanne buƙatar kunne.

A fara sanin aikin da bes take yi. Kiɗa yana tafiya ne da ƙafa biyu: bugu, wanda yake hannun mai ganguna, da zaƙin sauti, wanda yake hannun mai jita da mai fiyano da mawaƙi. Mai bes shi kaɗai ne yake riƙe da duka biyun a lokaci guda. Kowane sauti da ya fitar dole ya faɗi daidai da bugun babbar ganga, kuma dole ya zama shi ne tushen da sauran sautuka za su hau. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, rabin ta jita mai sau 82. Sauti irin wannan ƙirji da ƙafa suna jin sa kafin kunne ya gane shi. In mai jita ya yi kuskure, kuskurensa ne shi kaɗai. In mai bes ya kauce, kowa a dandalin sai ya zama kamar shi ya yi kuskure, masu rawa kuma su tsaya cirko-cirko ba su san abin da ya katse musu hanzari ba.

To, me yake kai mutum ga wannan kayan kiɗa? Ƙofofi biyu ne, kuma babu ta kasawa a cikinsu.

Ƙofa ta farko ita ce kunne. Richard Bona, wanda aka haifa a Minta ta ƙasar Kamaru a 1967, tun yana ƙarami yake kaɗa balafon, yana haɗa jitarsa da wayar birkin keke. Kafin ya kai shekara goma sha biyar ya riga ya zama makaɗin jita da ake biya a Duwala. Wannan ba yaron da jita ta gagara ba ne. Abin da ya juya shi faifan mai bes Jaco Pastorius ne da ya saurara a wani gidan kiɗan jaz, ya ji abin da bai taɓa zaton tsirkiya huɗu za su iya faɗa ba. Daga nan ya kama bes, har ya kai ga yin kiɗa da Joe Zawinul, mutumin da Pastorius ya yi wa aiki a ƙungiyar Weather Report. Haka Aston Barrett na Jamaika, wanda ake kira Family Man. Bai sauko daga wata jita ba. Da hannunsa ya haɗa bes ɗinsa ta farko da katako da sandar labule, saboda sautin ƙasa shi ne abin da yake kira masa. Shi ne ya jagoranci makaɗan Bob Marley har rasuwar mawaƙin a 1981. Duk wanda ya taɓa jin kiɗan rege ya san cewa in aka cire bes, abin da ya rage ba ya ɗaga kowa daga kujera.

Ƙofa ta biyu ita ce buƙata, kuma nan ne masu waccan magana suke zaton sun kama mu. Za su ce: ai Paul McCartney jita yake kaɗawa kafin ya koma bes, haka Carol Kaye. Gaskiya ne. McCartney ya ɗauki bes a 1961 a Hambog ta Jamus, bayan Stuart Sutcliffe ya bar ƙungiyar Beatles, babu mai son cike gurbin. Carol Kaye kuwa ƙwararriyar makaɗiyar jita ce a ɗakunan naɗar faifai na Los Anjelis. A 1963 mai bes ya ƙi zuwa aiki, aka miƙa mata. Amma a dubi abin da labarin yake nunawa. Ba kora aka yi musu daga jita ba. Su ne waɗanda aka tabbatar za su iya ɗaukar nauyin da aka rasa mai ɗauka. Kuma da suka ɗanɗana, ba su sake ba. Kaye ta kaɗa bes a dubban waƙoƙi, har da na Beach Boys. McCartney ya mayar da bes abin da yake rera waƙarsa a ƙarƙashin waƙa. Mutum ya ga giɓi a cikin jama'a ya toshe shi da kansa, wannan a tarbiyyarmu abin yabo ne. Yaushe ya zama alamar kasawa?

Buƙatar ma ita ta haifi sababbin hanyoyin kaɗawa. Larry Graham yana matashi yana kiɗa da mahaifiyarsa, su biyu, babu mai ganguna. Sai ya riƙa dukan tsirkiya da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgo ta da manuniya a madadin ƙaramar. Wannan salo ya shiga da shi ƙungiyar Sly and the Family Stone, yau kuma ana koyar da shi a faɗin duniya. Pastorius ganguna ya fara, sai ya ji rauni a wuyan hannu wurin wasan ƙwallo yana ɗan shekara 13, ya koma bes. Daga baya ya ciccire ƙarafan da ke jere a wuyan bes ɗinsa don sautin ya riƙa zamewa kamar muryar mutum. Wanda yake neman sauƙi ba ya cire abin da yake nuna masa inda zai ɗora yatsa.

Batun sauƙin ma a tsaya a kansa. Eh, yaro zai iya bin waƙa mai sauƙi da bes cikin 'yan makonni, wannan kuwa alheri ne, domin yana shigar da shi cikin ƙungiya da wuri. Amma ƙofa mai faɗi ba ta nufin gidan ƙarami ne. Tsawon tsirkiyar bes ya kai inci 34, tsirkiyoyin suna da kauri, yatsu sai sun yi kanta. Abin da ya fi wannan wuya shi ne horon zuciya: ka san lokacin da za ka yi shiru, ka san tsawon da za ka bar sauti ya yi kafin ka kashe shi, ka maimaita layi ɗaya minti goma ba ka yi gaggawa ba, ba ka ja baya ba, kamar yadda masu bes na Fela Kuti suke yi a Legas. Makaɗan jita da yawa sun ɗauki bes da raini sun ajiye da kunya, saboda hannunsu ya saba da yawan magana.

Me ya sa wannan ƙarya ta daɗe? Dalili na farko shi ne rashin adalcin masana'antar kanta. James Jamerson ya kaɗa bes a mafi yawan fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na Ditiroit a shekarun 1960, da yatsa ɗaya tak na hannun dama. Miliyoyin mutane sun yi rawa da hannunsa ba su san sunansa ba, domin kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗa a jikin faifai. Sai a 1971, a faifan What's Going On na Marvin Gaye, sunansa ya fito. Ya rasu a 1983, kuma sai a 2000 aka shigar da shi zauren girmama gwanayen kiɗa na Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan ana ɓoye sunan gwani, dole yaro ya ɗauka sana'ar ba ta da gwanaye.

Dalili na biyu yana aljihun kowa. Lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da sautin ƙasa. Matashin da ya tashi yana sauraron kiɗa daga waya zai ji mawaƙi, ya ji jita, amma bes ta ɓace masa. Yaya zai so abin da bai taɓa ji ba? A nan gida kuma akwai dalili na uku. A yawancin situdiyoyin waƙoƙin Hausa, mutum ɗaya ne yake zama gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa komai, bes ta zama maɓalli da ake latsawa. Yana da arha, yana da sauri, amma shi ya sa waƙoƙi da yawa suke tafiya da ƙasa iri ɗaya, ba numfashi, ba sassauci.

Kuma ba wai nahiyarmu ba ta da abin koyi ba. Tun da Leo Fender ya fitar da bes ta lantarki a 1951, wadda ta hutar da makaɗa daga ɗaukar katafaren gogen Turawa mai tsayin mutum, ƙasashe kaɗan ne suka yi suna da ita kamar maƙwabciyarmu Kamaru. Kiɗan makosa ya yaye Jean Dikoto Mandengue da Étienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco. Daga Afirka ta Kudu, Bakithi Kumalo ya kaɗa bes a faifan Graceland na Paul Simon a 1986, duniya ta saurara. A Duwala yaro yana iya cewa bes yake so, ba wanda zai yi masa dariya, saboda yana da manyan da zai nuna.

Saboda haka kirana ga masu koyar da kiɗa, a makarantu da majami'u da ƙungiyoyin badujala: ku daina miƙa bes ga yaron da kuka ga ya fi rauni, ku ba wanda ya fi nutsuwa da kunne. Masu situdiyo, ku gwada kiran mai bes na gaske ko a waƙa ɗaya, ku biya shi, ku rubuta sunansa. Kai kuma matashi, in ka lura ƙafarka tana bin sautin ƙasa tun kafin bakinka ya kama waƙar, kada wani ya ce maka ka zaɓi ƙaramin aiki. Nemi bes, ka nemi mai ganguna, ku fara.