Leƙa Duniya: Gida Ɗaya, Lambu Biyu

Wannan watan Faransa muka nufa, kwarin kogin Luwar. Can Turawa kan yi hayar mota mai ɗaki, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki, su yi ta bin tsofaffin gidajen sarakuna. In dare ya yi su faka a filin da aka tanada su kwana.

Ni kam a Shanonso zan ce ku yada zango, gidan da ke kan kogin Sher. A 1547 Sarki Hanri na Biyu ya ba farkarsa Diyan shi kyauta, alhali matarsa Katarin na mutuwar son gidan. Haka baiwar Allah ta danne zuciyarta har shekara 12. Sarki na rasuwa a 1559 ta karɓe abinta, ta tura Diyan gidan Shomon. Gadar da Diyan ta gina, Katarin ta ɗora dogon zaure a kanta, ta kuma shuka nata lambun.

Har yau lambunan biyu suna nan kusa da juna. Abin haushin, na Diyan ya fi girma!