Mata da aikin hafsan sojin ruwa a Nijeriya

A watan Oktoban shekara ta 2025, lokacin da shugaba Bola Ahmed Tinubu ya yi wa shugabancin rundunonin sojin Nijeriya garambawul, ya miƙa ragamar rundunar mayaƙan ruwa ga Idi Abbas, ɗan asalin jihar Kano, wanda ya gaji Emmanuel Ogalla. Kamar dukkan waɗanda suka riƙe wannan muƙami tun bayan kafa rundunar a 1956, sabon babban hafsan namiji ne, kuma babu wanda ya yi mamakin haka, domin kuwa babu mace ko ɗaya a cikin rukunin hafsoshin da ake duba sunayensu idan an tashi yin irin wannan naɗi.

Dalilin haka ba ƙarancin mata masu basira a rundunar ba ne. Maganar ta ta'allaƙa ne ga ƙofar da mutum ya bi ya shiga aikin tun ranar farko, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata duk yarinyar da ke sha'awar sanya farin kakin hafsan sojin ruwa ta fahimta, ita da iyayenta.

Manyan hanyoyi biyu ne ake bi a zama hafsa. Ta farko ita ce makarantar horas da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, inda ake ɗaukar matasa marasa aure da suka kammala sakandare, a ba su horo na shekaru biyar wanda ya haɗa karatun digiri da aikin soja, su fito a matsayin hafsoshin fagen daga na dindindin. Ta biyu kuwa ta masu digiri ce, likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malamai da masu lissafin kuɗi, waɗanda ake ba horo na 'yan watanni a kwalejin sojin ruwa da ke Onne a jihar Ribas kafin a liƙa masu anini. Hanya ta biyu ta fi gajarta, ta kuma fi sauƙin karɓuwa a wajen iyaye, to amma tana da rufi. Daga cikin 'yan rukunin farko ne ake zaɓar waɗanda za su ja ragamar manyan jiragen ruwan yaƙi da rundunonin shiyya-shiyya, daga cikinsu ne kuma ake fid da babban hafsa.

Har zuwa shekara ta 2011 a rufe wannan ƙofa ta farko take ga mata. A waccan shekarar ce, a zamanin mulkin shugaba Goodluck Jonathan, aka ɗauki 'yan mata 20 a kwas na 63 na makarantar NDA, wanda ya kammala a 2016.

Saboda haka matan da suka yi fice a rundunar kafin wannan lokaci duk ta ɗaya ƙofar suka shiga. Itunu Hotonu, wadda ta karanci zanen gine-gine a jami'ar Nsukka, ta shiga rundunar a 1985, kuma a watan Disamban 2012 ta zama mace ta farko da ta kai muƙamin Riya Admiral a Nijeriya. Jamila Malafa, 'yar asalin jihar Adamawa kuma lauya masaniyar dokokin teku, ta samu muƙamin Kwamado a ƙarshen 2017, ita ce kuma mace ta farko daga arewacin ƙasar da ta taka wannan matsayi. Ko shakka babu waɗannan nasarori ne da aka samu da gumi, a cikin wata runduna da ba a tsara ta da tunanin mata ba. Sai dai duka biyun ta fannin sana'o'insu suka ɗaukaka, ɗaya a gine-gine da samar da kayan aiki, ɗaya a shari'a, ba ta hanyar jagorancin jirgi a kan teku ba.

Sakamakon matakin 2011 ya fara bayyana. Laftana Changfe Maigari, 'yar jihar Filato wadda ta fito daga NDA a 2016, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sama a rundunar sojin ruwan a 2024. Amma idan aka yi lissafi da shekaru za a ga cewar da sauran rina a kaba. Emmanuel Ogalla ɗan kwas na 39 ne, ya samu anininsa a farkon shekarun 1990, kuma bai zama babban hafsa ba sai a 2023, wato bayan kimanin shekaru 30 yana aiki. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan 'yan kwas na 63, to sai wajen tsakiyar shekarun 2040 ne mace za ta iya shiga sahun waɗanda ake dubawa, shi ma idan ta jure, ta tsallake kowace jarrabawar ƙarin girma, kuma ba a sauya ƙa'ida a tsakiyar tafiya ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ba zato ba ne kawai. A watan Nuwamban 2017 jaridar Punch ta ba da rahoton cewar majalisar ƙolin soja ta amince da wata shawara ta daina horas da mata a matsayin hafsoshin fagen daga na dindindin, inda ta ambato wata majiyar soja da ba ta bayyana sunanta ba tana danganta matakin da matsin lamba daga wasu shugabannin addini na arewa. Rahoton ya ta da ƙura matuƙa, ƙungiyoyin kare haƙƙin mata suka yi ca, sannan hedkwatar tsaro ta fito ta musanta shi, aka kuma ci gaba da ɗaukar mata a makarantar. Ko ma mene ne gaskiyar abin da ya wakana a zauren taron, lamarin ya nuna cewar damar da aka samu ta hanyar umarnin shugaban ƙasa da ƙa'idojin aiki na cikin gida, zama ɗaya na wata majalisa ya isa ya girgiza ta. A 2021 rundunonin sojin sun ƙaddamar da wata manufa ta daidaita damar maza da mata a cikin aiki, wadda ci gaba ce, ko da yake manufa ba ta da ƙarfin dokar da majalisar dokoki ta zartar.

Abin da ya faru a Amurka ya ƙara fito da wannan batu fili. A can an fara ɗaukar mata a makarantar hafsoshin sojin ruwa ta Annapolis tun 1976, an soke dokar da ta hana su aiki a jiragen ruwan yaƙi a 1993, an buɗe masu jiragen ƙarƙashin teku a 2010, kuma a 2014 Michelle Howard ta zama mace ta farko mai tauraro huɗu a rundunar. A watan Nuwamban 2023 Lisa Franchetti, wadda ta fara aiki a 1985 lokacin da mata ba su da izinin hawa jiragen yaƙi, ta zama babbar hafsar sojin ruwan ƙasar. Amma a watan Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan dawowar shugaba Donald Trump kan mulki, sai aka sauke ta ba tare da an bayyana wani laifi da ta aikata ba. Sakataren tsaro Pete Hegseth, wanda ya sanar da matakin, ya taɓa faɗa a bainar jama'a kafin naɗinsa cewar bai dace a tura mata fagen daga ba. Idan har tafiyar kusan shekaru 50 ba ta hana siyasa yin tasiri a Washington ba, to tafiyar da aka fara a 2011 a Kaduna tana buƙatar kariyar da ta fi alƙawarin baki.

Akwai kuma wani darasi daga Amurkan wanda ba shi da nasaba da siyasa. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya fitar a 2020 ya gano cewar yiwuwar mace ta bar aikin soja ta ɗara ta namiji da kashi 28 cikin ɗari, kuma daga cikin dalilan da aka ambata akwai yawan tafiye-tafiye, da renon yara, da tsarin iyali, da cin zarafi ta hanyar lalata. A aikin sojin ruwa wannan matsala ta fi tsanani saboda yadda aka gina tsanin ƙarin girma. Hafsan da ke son ya riƙe jirgi wata rana dole ne ya tara lokacin aiki a kan teku, ya samu shaidar ƙwarewa a tsaron jirgi da tuƙinsa, ya yi mataimakin kwamanda, kuma duk waɗannan suna faɗowa ne tsakanin shekaru 23 zuwa 35 na haihuwa, wato daidai lokacin da al'umma ke zuba wa mace ido a kan aure da haihuwa. Mai juna biyu ba ta fita teku. Shekara ɗaya ko biyu da ta rasa a wannan tsakani na iya sa abokan kwas ɗinta su yi mata fintinkau, kuma a aikin soja wanda aka bari a baya da wuya ya cim ma sahu.

Su kansu jiragen ba su da yawa. Daga cikin manyan jiragen da rundunar ta samu a shekarun baya akwai Thunder da Okpabana, tsofaffin jiragen tsaron gaɓar tekun Amurka da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1960, da Centenary da Unity da aka sayo daga ƙasar Sin, sai kuma Kada, jirgin jigilar dakaru da ya iso a 2022. Inda gurabe suka yi ƙaranci, gasa kan yi zafi, kuma batun da ake gani ƙarami ne, kamar ware wa mata ɗakin kwana da makewayi a cikin jirgi, yakan zama hujjar da za a ce a bar mace a ofis a tura namiji. A takarda ba a hana ta komai ba, amma ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, abin da zai duba shi ne watanni nawa ta yi a teku.

Aikin kuwa akwai shi. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma ta nan ne ɗanyen man da ƙasar ta dogara a kansa ke fita. A 2020 hukumar sa ido kan fashin teku ta duniya ta ce daga cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka sace a duk duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da kuma ƙara yawan sintiri, hare-haren sun ragu ƙwarai har aka cire Nijeriya daga jerin ƙasashe masu haɗarin fashin teku a 2022, ko da yake satar ɗanyen mai a yankin Neja Delta ta ci gaba da cinye wa rundunar lokaci da kayan aiki. Galibin wannan aiki a yau na na'urorin hangen nesa ne, da sadarwa, da sarrafa injuna, da jirage masu saukar ungulu, da tattara hujjojin da za su tsaya a gaban kotu. Hujjar ƙarfin damtse da aka daɗe ana kafawa a kan mata ba ta da nauyi sosai a ɗakin sarrafa jirgi.

Ga 'yan matan arewa kuwa, akwai ƙarin shinge tun kafin a kai ƙofar makarantar. Ana rarraba guraben NDA ne jiha-jiha, abin da ke nufin cewar 'yar Sakkwato ko Yobe ba ta rasa dama a ƙa'idance ba. To amma sai ta kammala sakandare da sakamako mai kyau, musamman a lissafi da Turanci da darussan kimiyya, ta ci jarrabawar shiga jami'a, ta tsallake gwajin lafiya da na ƙarfin jiki, sannan ta samu amincewar iyaye a kan ta yi shekaru biyar ba aure a cikin bariki. A jihohin da 'yan mata da dama ba sa kai wa ƙarshen sakandare, wannan rariya ce mai ƙananan ƙofofi. Akwai kuma batun sutura, wanda ya fito fili a 2021 lokacin da aka gabatar wa majalisar wakilai wani ƙudiri da ya nemi a halatta wa mata sanya hijabi a rundunonin tsaro, inda ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta nuna adawa da shi. Ga iyalai da yawa wannan tambaya ce da ake yi kafin a yi maganar albashi.

A ɗaya hannun kuma, rundunar da a da ake yi wa kallon ta mutanen bakin teku ta matso arewa. Tana da sansani a Baga a gaɓar tafkin Chadi, inda take cikin yaƙi da Boko Haram, tana da wani a Lakwaja, kuma a zamanin Awwal Zubairu Gambo, wanda ya shugabance ta daga 2021 zuwa 2023, aka kafa kwalejin koyon samar da kayan aiki a Dawakin Tofa ta jihar Kano, matakin da wasu 'yan kudu suka yi wa ba'a da cewar an kai sojan ruwa inda babu ruwa. Ba'ar dai ba ta hana yaran Kano fara ganin farin kaki a kan titunansu ba, kuma sau da yawa daga gani ne sha'awar aiki ke farawa.

Matan da suka fito daga NDA a 2016 na dab da shiga matakin da ake tantance waɗanda za su halarci manyan kwasa-kwasan kwalejin hafsoshi ta Jaji da waɗanda za a damƙa wa jirage. Masu lura da al'amuran tsaro za su zuba ido su ga nawa ne daga cikinsu suka rage a bakin aiki, da kuma nawa za a tura teku a matsayin kwamandoji maimakon ofisoshin hedkwata a Abuja.