Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Ma'aikacin da ya baro Kano ko Sakkwato ya zo neman abinci Ikko, akwai wata jarrabawa da ke jiransa wadda ba kasafai akan yi zancenta ba, watau ranar da za a aiko masa cewa mahaifinsa ya rasu. Tsakaninsa da gida tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, mu kuwa Musulmi ba ma ajiye gawa. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Saboda haka bawan Allah nan bai samu salla ba, bai ɗauki makara ba, sai dai ya isa ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, a raka shi ya ga kabari.

Abokan aikinsa Kiristocin Kudu, da yake su sukan ajiye mamaci har makonni, sai ka ji suna tambayarsa yaushe ne jana'iza domin su halarta. Wannan ba rashin hankali ba ne, zumunci ne. Sukan kuma yi karo-karo su ba shi gudummawa, abin da ya kamata mu yaba.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 6, da na rashin lafiya har kwana 12, amma ba ta ce kome ba a kan wanda aka yi wa rasuwa. An bar shi ga ƙa'idar ma'aikatarsa da tausayin maigidansa.

To, ni abin da ya fi damuna shi ne ranar komawarsa aiki. A gida kwana uku jama'a na kewaye da shi. A ofis kuwa, da safe kowa zai ce masa, "Malam, ya haƙuri?" sa'an nan a tura masa fayil. Waɗansu har kauce masa suke yi, wai kada su tuna masa, alhali bai manta ba balle a tuna masa. Baƙin cikin yakan jira sai hayaniya ta lafa. Ƙarshen wata ya zo, albashi ya fito, ya ware abin da ya saba aikawa tsoho, sa'an nan ya tuna babu mai karɓa. Ran nan ne yake bukatar aboki ya bi shi ɗakinsa a Agege ko Idi-Araba su ci tuwon dare tare, ko da ba za a ce uffan ba.

Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umurni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Kwatankwacin wannan a ofis shi ne a rage wa mutum aiki ba sai ya roƙa ba, in ya yi kuskure a lissafi a gyara masa a asirce.

Ta mace ma ta fi tsanani. Takaba wata 4 ce da kwana 10, ga marayu na jiran abinci. Malamai sun yarda ta fita da rana saboda larura, ta kwana a ɗakinta. Amma sai ka tarar a ofishin nan nata ake ƙus-ƙus, wai ta fito tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.