Ƙananan Madafan Giya Da Manyan Attajirai

Jama'a, na san wani zai ga kan maganar nan ya ɗaga gira, ya ce me ya haɗa ɗalibin malanta da zancen giya. To, ku saurara tukuna. Ni ba mashayi ba ne, gama tun a makarantar mishan aka gargaɗe mu a kanta, 'yan'uwanmu Musulmi kuwa haramun ce gare su. Abin da ya dame ni shi ne makomar mai ƙaramar sana'a sa'ad da ya kara da mai dogon hannu, ko da wace irin haja ce ya ke sayarwa.

A ƙasar Amurka, cikin birnin San Faransisko, akwai wani gidan dafa giya mai suna Anchor wanda ya ɗauki wannan suna tun 1896. A 1965 ya kusa mutuwa, sai wani saurayi, Fritz Maytag, ya sayi kaso mafi girma a cikinsa, ya gyara tukwane, ya koma dafa giyar a hankali irin ta mutanen dā. Wannan ya buɗe wa waɗansu ido. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda mutum ya dafa giya a gidansa, masu koyo suka yi yawa, har gidajen giya da ba su kai ɗari ba a lokacin suka zarce 9,000 cikin shekara arba'in da 'yan kai.

Amma kasuwa ba ta ɗaukar kowa. Kuɗin sha'ir ya tashi, na gwangwani ya tashi, haka hayar gida da ladan ma'aikata da ruwan bashin banki. Annobar korona ta 2020 ta rufe mashaya da gidajen abinci, alhali kuwa nan ne ƙananan su ke sayar da yawancin kayansu. Manyan kamfanoni su suna da gurbi a kantuna, ba su ji jiki kamarsu ba. Samari kuma sun rage sha. A 2024 gidajen da suka rufe sun fi waɗanda aka buɗe yawa, abin da ba a gani ba tun 2005.

Duk wannan gaskiya ne, amma a ganina ba shi kaɗai ya kashe Anchor ba. Maytag ya sayar da gidan a 2010, kana a 2017 kamfanin Sapporo na Japan ya saye shi a kan dala miliyan 85. Tun daga ranar, hukuncin gidan ya bar bakin tukunya ya koma ofis a wata ƙasa. A 2021 aka sake zanen takardar kwalba wadda mutanen garin suka saba da ita, masu saye da yawa suka yi gunaguni. A 2023 aka ce ba za a ƙara dafa giyar Kirsimeti ba, wadda a ke yi kowace shekara tun 1975. Bayan wata guda sai aka rufe gidan ɗungum, ma'aikata 61 suka rasa abin yi. Mai gidan da ya gina sana'a da hannunsa ya kan jure shekarar hasara, ya rage cin nama a gidansa, ya jira damina ta gaba. Baƙon da ya sayi suna kawai, littafin lissafi ya ke dubawa, in ya ga jan alƙalami sai ya ja ƙofa.

Wani abokina a ɗakin kwana ya yi mini gardama, ya ce ai ba wanda ya tilasta wa masu gidan su sayar, kuma da ba don kuɗin attajirin ba, watakila da tuni an rufe. Ban ƙi tasa ba duka. Tsufa ya kan zo, magaji ya kan ƙi gādo, bashi kuma ba ya jira. Sai dai na tambaye shi, in haka ne, don me ma'aikatan gidan suka nemi a sayar musu da shi su riƙa da kansu, abin bai yiwu ba?

Abin da ya sa labarin ya taɓa ni, a ƙauyenmu gwaggona da burukutu ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta uku. Ita ke jiƙa dawa, ita ke kai niƙa, ita ke tsayawa kan wuta kwana da kwanaki. Yau dawa ta yi tsada, gama tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanonin Nijeriya su ma dawa su ke nema, itace ya yi wuya, samari sun koma ga kwalba. Ko da ya ke ban so ta da wannan sana'a ba, ban ga wata da aka miƙa mata a madadinta ba.

A 2024 Hamdi Ulukaya, attajirin da ya kafa kamfanin nono na Chobani, ya sayi Anchor, ya ce zai sake hura wutarsa. Gwaggona kuwa ta kife biyu daga cikin tukwanenta huɗu a bayan ɗaki.