Zuwa ga Sarakunan Zangon Accra: A Kai Yaranmu Hasumiyar Jamestown



Kwanan baya na hau hasumiyar fitilar Jamestown tare da jikana. Matakalar a murɗe take, sai da na tsaya hutawa sau biyu, da muka fito sama kuma iskar teku ta kusa ɗauke mini hula. A ƙasa ga kwale-kwalen masuntan Ga jere a yashi, hayaƙin bandar kifi na tashi, gefe guda ga James Fort, inda Turawa suka tsare Kwame Nkrumah a 1950. Yaron ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kaka, mu me ya haɗa mu da nan?" A Nima aka haife shi, amma bai taɓa zuwa ba. Tambayar nan ta tsaya mini a rai.

Goro ne ya haɗa mu. Tun 1871 ake kunna fitila a wurin. Wannan hasumiyar mai zanen ja da fari, mai tsawon mita 28, a shekarun 1930 aka gina ta a madadin ta farko. A wancan zamanin jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Accra. Can nesa yake tsayawa, a riƙa kai masa kaya a kwale-kwale ana kokawa da igiyar ruwa, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Ta wannan gaɓa fatakenmu suka riƙa loda huhunan goro zuwa Ikko, suka huta da tafiyar watanni da jakuna ta hanyar Gwanja. Alhassan Ɗantata na cikinsu, mahaifiyarsa ma a Accra ta zauna.

Roƙona gare ku, iyayenmu, ku sa baki kowace makarantar Islamiyya ta Nima, Mamobi da Sabon Zango ta kai ɗalibanta ko da sau ɗaya ne a shekara. Kuɗin mota ba zai gagari al'umma ba. A tafi da dattijo ɗaya wanda ya ji labarin fatauci daga bakin kakansa, ya ba yara a can sama suna kallon ruwan.

Kafin nan, a fara kai gaisuwa ga sarakunan Ga, don unguwarsu ce, gaɓarsu ce. Ku da su za ku iya neman hukuma ta kafa allon bayani a ƙofar hasumiyar, da Ga, da Turanci, da Hausa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Naku,
Wani mazaunin Nima